Durƙuson da Kubura Ba Ta Iya Ba

Gari ya waye a unguwar Sauka Kahuta, maƙwabta har sun fara hayaniyar ɗiban ruwa, amma Kubura na nan zaune a bakin gado, ƙafarta ta dama a cikin robar ruwan ɗumi. Kullum sai ta yi haka. In ba ta yi ba, idon sawun nan ba ya yarda ya motsa, sai ka rantse wani ne ya ɗaure shi da waya tana barci. Tana juya shi a hankali — sama, ƙasa, gefe — shi kuwa yana ta 'yar ƙara ƙurus-ƙurus kamar ana tauna guringuntsi.

Umma ta ɗaga labule, tsintsiya a hannu.

"Kubura! Har yanzu kina cikin ruwa kamar agwagwa? Yau fa uwar Zakariyya za ta zo!"

"Na sani Umma. Ƙafar ce dai ba ta sani ba."

"To ki gaya mata!"

Kubura ta yi dariya ta jawo tawul.

Tun tana ƙaramar sakandare okada ya kife da ita a hanyar makaranta, idon sawun ya karye. Aka kai ta wajen mai ɗori, ƙashi ya haɗe amma a karkace. Shekaru suka tafi, ciwo ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, har ranar da ta kasa taka ƙafar sam. Da aka ɗauki hoton ƙashi a asibiti, likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin gaɓar ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Amosanin gaɓa ne mai tsanani, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. To Kubura ta koyi lallaɓawa. Ruwan ɗumi da safe, ƙanƙara in ya kumbura, abin ɗaurin idon sawu da aka ba ta a ɗakin gashin ƙashi, kambas mai kaurin ƙasa, sai sanda. Salla a kan kujera, girki a kan doguwar kujera. Magani kuwa sai abin ya ci tura, don likita ya ce yawan shansa zai ɓata mata ciki. Abu ɗaya ne ba ta iyawa ko za a yanka ta: tsugunawa ko durƙuso. Gaɓar ba ta lanƙwasuwa.

Ta dalilin ƙafar ma ta haɗu da Zakariyya. Ɗinki take yi, kekenta kuwa na takawa ne, taka shi ya zame mata azaba. Sai Babanta ya kira mai aikin lantarki ya ɗora wa keken ƙaramin inji. Aikin da aka gama tun rana ba ta yi ba, sai ga Zakariyya yana ta dawowa — yau duba waya, gobe duba soket, jibi wai ya manta filaya — har Baba ya gaji ya ce, "Yaro, in filayarka kake so ɗauki abinka. In kuma 'yata kake so, turo manyanka."

To yau manyan za su fara zuwa. Kubura na miƙa hannu za ta ɗauki sanda, Umma ta riga ta.

"Umma ina za ki kai min sanda?"

"Bayan wadirob. Da abin ɗaurin nan, da takalmin nan mai kama da na 'yan ƙwallo. Silifas ɗinki mai duwatsu za ki sa."

"Haba Umma! Ai Zakariyya ya sani—"

"Zakariyya daban, uwarsa daban. Mace ta zo ganin suruka, ta fara cin karo da sanda? Ki bari ta ga fuskarki, ta ci girkinki tukuna. In ta so ki, sanda ba za ta dame ta ba."

Kubura ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga idon Umma ya cika da ƙwalla, sai ta haɗiye. Ta san abin da Umma ke tunawa: maneman baya da suka ɗauke ƙafa daga ganin sandar nan.

Bayan azahar baƙi suka iso. Nna Zuliha — da Nufanci "Nna" uwa ke nan — 'yar Bida ce gaba da baya, tana da rumfar busasshen kifi a Kasuwar Kure. Gajeriya ce, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. Ta zo da 'yarta Muniratu. Umma ta nuna mata kushin, ta girgiza kai, ta ce ita tabarma ta saba. Aka shimfiɗa, ta zauna.

Su kuwa a gidan su Nna gaisuwa ba abin wasa ba ce. Yaro in ya ga babba sai ya tuɓe takalmi ya sauka har ƙasa, ya tsaya a durƙushe ana jero gaisuwa — gida, yara, gajiya, kasuwa, ruwan jiya — ba ya tashi sai babban ya sallame shi. Da wannan suke auna tarbiyyar gida ɗungurungum.

Kubura ta shigo da tire. Tun safe take kai da kawo a kicin ba ɗauri ba sanda, kowane taku kamar ta taka ƙusa, amma wallahi ba ta ɗingisa ba ko sau ɗaya. Ta sunkuya daga ƙugu ta ajiye tiren.

"Ina wuni, Nna."

Nna ta zuba mata ido tana jira ta durƙusa.

Umma na ta ƙifta ido tana nuna ƙasa da haɓa. Kubura ta gwada, gaɓar ta ce ba ta san zancen ba. Gumi ya keto mata, ƙafar ta fara rawa. Ta ga in ba ta zauna yanzu-yanzu ba kan baƙi za ta faɗo da miya da komai. Sai ta ja da baya ta zauna a kan kushin ɗin da Nna ta ƙi zama.

Muniratu ta toshe baki da gyale.

Nna ta ɗaga kai — sai da ta ɗaga kai fa kafin ta ga fuskar yarinyar! — ta ce, "Lafiya lau." Ruwa kawai ta taɓa da leɓe. Ba a jima ba ta ce ta bar rumfa ba kowa, suka tashi.

Da la'asar sakaliya Zakariyya ya zo, ko sallama bai yi da ƙarfi ba. Kubura ta fito da sandarta, ƙafar ta kumbura suntum, suka zauna a benci a ƙofar gida.

"Nna ta ce ba da ita ba," in ji shi. "Ta ce tun da take ba ta taɓa gaisawa da yarinya tana kallon ƙasan haɓarta ba."

"Amma ai ta san lalurata. Ko ban riƙe sanda ba ta san—" Sai ta tsaya ta dube shi. "Zakariyya. Ka gaya mata?"

Ya kama sosa ƙeya.

"Zakariyya!"

"Na yi ta neman lokacin da ya dace ne, Kubura. Na ce bari ta fara ganinki—"

"Kai ma? Kai da Umma duk bakinku ɗaya ashe. Kunyar ƙafata kake ji?"

"Wallahi a'a! Tsoro na ji, ba kunya ba. Sori, don Allah. Yau-yau zan gaya mata komai."

Ya kuwa gaya mata. Amma kun san abin haushi? Nna ba ta yarda ba! Hausar Nna irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" da "shi" take ce musu. Ta ce, "Wane ciwo? Na gan shi da idona yana tafiya da kafa biyu, da takalmi mai duwatsu, ya dauko tire kamar soja. Yanzu ya yi rashin kunya, kun je kun kulla karya." Wato ɓoyon da aka yi ya yi kyau har ya wuce gona da iri. A da, Kubura marar kunya ce kawai a idon Nna, yanzu ta zama maƙaryaciya ma.

Umma ta yi kuka har ta gode Allah. "Ni na jawo miki, 'yar nan."

"Ya riga ya faru, Umma. Ni zan je da kaina, da sandata da komai. Ta gani da idonta."

Ran Juma'a da yamma ta ɗaure idon sawun tam, ta sa kambas, ta hau Keke Napep. Abin da ta shirya mai sauƙi ne: ta yi sallama, ta nuna ƙafa, ta ba da haƙuri, ta dawo. Ba ta san dangin Nna sun zo daga Bida ba. Tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, 'yan mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna zubewa ƙasa suna gaisuwa, abin gwanin sha'awa. Tana shiga aka yi tsit. Wata tsohuwa, yayar Nna, ta dubi sandar ta faɗi wani abu da Nufanci, aka ƙyalƙyale da dariya.

Nna ta ce da Hausa, don ta ji, "Ga mai kujera nan. Yau har da sanda aka aro masa."

Aro! Zuciyar Kubura ta yi zafi, duk abin da ta shirya ya gudu daga kanta. Ta jingine sandar a bango, ta ciji leɓe, ta saki jikinta ƙasa gaba ɗaya. Wani abu ya ce ƙas! a cikin gaɓar, zafi ya harba har tsakiyar kanta. Amma ta durƙusa.

"Ina wuni, Nna."

"Lafiya. Ashe ka iya. Yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya Maman ka? Yaya Baban ka? Yaya dinki? Yaya gajiya? Yaya ruwan jiya?"

Nna ta ja gaisuwar nan da gangan, Kubura na amsawa ɗaya-ɗaya. Can dai ta ce, "To, tashi."

Kubura ta dafa ƙasa. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Hawaye suka fara ɗiga a kan siminti.

"Na ce ka tashi."

"Nna... ba zan iya ba."

Dariya ta ɗauke. Nna ta miƙe da kanta, ta sa hannu a hammatar yarinyar, Muniratu ta kama ɗaya gefen, suka ɗaga ta da ƙyar suka zaunar a kan turmi da aka kife. Nna ta cire kambas ɗin, ta kwance ɗaurin. Ga idon sawu a karkace, ya kumbura yana sheƙi, zafi rau kamar an ciro shi daga murhu. Ta daɗe tana riƙe da ƙafar a tafin hannunta.

"La'ilaha illallahu," ta faɗa a hankali. "Muniratu, kira Zakariyya ya kawo mota."

A asibiti likita ya yi faɗa sosai. "Wa ya aike ki? Gaɓar da muke lallaɓawa ita za ki ɗora wa nauyinki duka? Ki sake, sai mun yi miki aiki mun haɗe ta da ƙarfe tun lokaci bai yi ba!" Ya hana ta taka ƙafar, ta yi makonni a kwance, ƙafa a kan filo.

Kuna tsammanin shi ke nan an shirya ko? Ina! Nna ta aiko da kifi da ban haƙuri a kan ƙaryar da ta ce an yi, amma maganar aure ta ce a dakata. Ta ce wa ɗanta, yarinya ce mai kirki, amma gidansu gidan taro ne. Suna, biki, rasuwa, sallah — ko'ina sai suruka ta sauka ƙasa a gaban manya. Wanda bai san ciwon ba zai zagi yarinyar, ya zagi uwar mijin da ta zuba ido. Ita ba za ta iya bin mutanen Bida gida-gida tana bayani ba.

Zakariyya bai ɗaga mata murya ba. Ya ce, "Nna, ba zan yi aure ba da yardarki ba. Amma kuma ba zan nemi wata ba. Zan jira."

"Ka jira har gemu ya yi fari."

"To Nna."

Haka aka zauna. Damina ta kankama, sanyin ruwa ya riƙa shiga gaɓar yana sukarta. Kubura ta koma ɗakin gashin ƙashi, ta fara daga farko — motsa yatsu, jan roba, taku kaɗan-kaɗan da dafa bango — har ta dawo kan sandarta da kekenta. Wasu ranakun takan yi kuka ita kaɗai, ba za a ce ba ta yi ba. Ƙawaye na cewa ta rabu da Zakariyya, ɗan Mama ne. Wani lokaci in ya zo takan ce, "Yallaɓai, ya gemun? Ya fara fari?" Ya shafa haɓa ya ce, "Saura kaɗan, Hajiya." Su yi dariya, kowa ya koma da abinsa a zuci. Amma ko sau ɗaya ba ta faɗi mummunar kalma a kan Nna ba, kuma ba ta ƙara fita ko nan da ƙofar gida ba tare da sandarta ba. Duk wanda ya tambaya sai ta gaya masa sunan ciwon tiryan-tiryan.

Wata safiya, damina na shirin ɗaukewa, Umma ta tafi unguwa, Kubura na kicin a kan doguwar kujerarta, ƙafar a miƙe a kan ɗan benci. Tana yanka alayyafo, tukunya na tafasa a kan teburin da Baba ya ɗaga mata daidai ƙugu. Ta miƙa sanda ta jawo kwandon albasa ba tare da ta tashi ba, tana 'yar waƙarta. Ba ta san an yi sallama har an gaji an shigo ba. Tana juyowa ta ga Nna a bakin ƙofa, da alama ta daɗe a tsaye tana kallo.

Kubura ta ajiye wuƙa. Ta dafa sanda ta miƙe, ta sa hannu a ƙirji, ta sunkuyar da kai. Ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya — gida, kasuwa, Muniratu, mutanen Bida — har ta ƙare. Sannan ta ja numfashi.

"Nna, ina so in faɗi wata magana, ki yafe min in ta yi nauyi."

"Fadi."

"Ranar farko na ɓoye miki ciwona, na yi kuskure. Rana ta biyu na durƙusa don zuciya, nan ma na yi kuskure. Ba zan ƙara ba. Nna, ƙafar nan ba za ta warke ba, kuma ba zan taɓa durƙusa miki ba har abada. Ba raini ba ne, Allah ya sani. Zan yi miki girki, zan yi miki ɗinki, zan gaishe ki safe da yamma. Amma in durƙuso ne sharaɗi, gara ki gaya min yau in san inda na tsaya."

Nna ta matso kusa da teburin. Ta dubi tukunya, ta buɗe, ta shinshina.

"Daddawa ya yi kadan."

"To Nna."

"Zauna. Kafan ka yana rawa."

"Kina tsaye, Nna?"

"Na ce zauna!"

Ta zauna. Sai Nna ta kama bakin gyalenta ta auna kujerar daga ƙasa zuwa mazauni, ta ƙulla. Ta sake aunawa daga mazauni zuwa saman kan Kubura, ta ƙulla. Ta juya ta fice, ko sai an jima ba ta ce ba. Kubura ta bi ta da kallo, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Ba a yi nisa ba, Umma ta dawo ke nan, sai ga Zakariyya da rana tsaka, ko fakin ɗin kirki bai yi ba, yana dariya har yana riƙe ciki.

"Kubura! Umma! Ku fito ku ji! Nna ta je wajen kafinta!"

"Kafinta kuma?"

"Kujera biyu ta sa ya yi! Ɗaya daidai tsayin taki, mai wurin ɗora ƙafa. Ɗayar tata ce, ta ce a ƙara mata tsawon ƙafafu sosai. Wai in kun zauna kanki yana ƙasa da nata, ai kin sauka ke nan. Ta ce duk mutumin Bidan da bai yarda ba ya zo da tef ya auna! Kuma ta ce a gaya wa Baba, kawunnaina na nan zuwa sa rana."

Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Kubura kuwa sai ta kifa kai a kan sandarta, kafaɗunta na rawa.

Ranar da aka kai amarya gaida dangin miji, tsakar gidan nan dai ta sake cika da matan Bida. Kubura ta shigo da sandarta a fili, da kambas a ƙarƙashin leshi, ta zauna a kujerarta. Nna kuwa sai da Muniratu ta tallafa mata kafin ta haye tata. Ta zauna ɗaram, ƙafafunta na lilo ba su taɓa ƙasa ba, fuskar nan a murtuke ba mai ikon yin dariya. Yayarta tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, Nna ta juyo ta dube ta, ta mayar da bakin ta rufe.

Kubura ta sunkuyar da kai. "Ina wuni, Nna."

Nna ta dubo ta daga sama. "Lafiya lau, 'yata. Yaya kafa?"

"Da sauƙi, Nna."

"Dora shi a kan katako. Don shi na biya kafinta."

Ciwon bai tafi ba, har yau Kubura na fara safiyarta da robar ruwan ɗumi, wata rana da daɗi wata rana babu. Amma tana ɗakinta, da mijinta, da surukar da ba ta yarda kowa ya sa ta tsayuwa.

'Yan'uwana 'yan mata, lalura ba abin kunya ba ce. In kin ɓoye ta, mutane za su fassara ki da abin da ya fi ta muni. In kin cuci jikinki don ki burge wani, ke za ki kwanta a gadon asibiti, ba shi ba. Ki faɗi gaskiyarki da ladabi, ki riƙe sandarki a gaban kowa, ki yi haƙuri da iyaye har Allah ya juyo da zuciyarsu. Wanda ya so ki da gaske zai jira, kuma zai samo miki wurin zama.